Matacin Tsohuwar Tukunyar Gahawa Mai Hawa Biyu: Yadda Ake Aiki da Shi da Yadda Ake Kula da Shi

Tukunyar da nake dafa gahawa da ita ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta gilashi ce, ƙirar kamfanin Cory na birnin Shikago a Amurka. A cikin kayan gwanjo na tsinto ta, naɗe da tsohuwar jarida: kwano biyu, ɗaya bisa ɗaya, da wani ɗan sandan gilashi mai kumburi a tsakiya. Mai kayan ya ɗauka murfin wata kwalba ne da ta fashe, har ya ware shi gefe. Da na bar shi a can, da kayan ado kawai na kai gida, domin wannan ɗan sandan shi ne matacin tukunyar, kuma in babu shi ba ta da wani amfani.

Ga wanda bai taɓa ganin irinta ba, ga yadda take aiki. Kwanon ƙasa ake zuba wa ruwa. Na sama yana da dogon bututu da ke sauka cikin na ƙasa, da roba a wuyansa wadda ke toshe duk wata kafar iska. Idan ruwa ya ɗau zafi, tururi ya rasa mafita, sai ya danna ruwan ya haura ta bututun zuwa sama, inda zai gamu da garin gahawa. Da an sauke daga wuta, tururin ya huce ya koma ruwa, sai kwanon ƙasa ya zuƙo gahawar ta dawo da ƙarfi. A bakin bututun nan mataci yake zaune. Ruwa yana ratsa shi sau biyu, yana hawa garau, yana saukowa da gari a bayansa, kuma duk abin da zai gyaru ko ya ɓaci a wannan saukowar yake faruwa.

A Turai aka fara wannan tukunya, a birnin Balin na Jamus cikin shekarun 1830, sannan wata mata a birnin Liyon na Faransa, Madam Vassieux, ta yi rajistar ƙirarta mai tulun gilashi biyu a 1841. Amurkawa sun rungume ta bayan 1915, shekarar da kamfanin Corning ya fito da gilashin Pyrex mai jure wuta, kuma daga shekarun 1930 zuwa na 1950 sunayen Silex, Cory, Sunbeam da Nicro sun cika ɗakunan girkinsu. Ingila tana da ta kamfanin Cona, Denmak kuma ta fito da ƙirar Santos ta kamfanin Bodum a 1958. Injin lantarki mai ɗigo da gahawa, irin Mr. Coffee na 1972, shi ya ture su gefe. Japan ce ba ta saki ba, shi ya sa har yau ƙyallen tata na kamfanin Hario yake samuwa cikin sauƙi. Kowane kamfani da irin matacinsa, kuma kowane mataci da irin niƙan da yake so da irin wankin da yake jurewa. Don haka kafin ka kunna wuta, ka san wanne ne a hannunka.

Idan sandan gilashi ne zalla, babu ƙugiya babu sarƙa, nauyinsa kaɗai ke zaunar da shi, to irin na Cory ne ko na Cona. Idan gilashi ne amma da ɗan sifirin da ƙugiya a ƙasansa, wannan Silex ne da suke kira Lox-In. Faifan ƙarfe ko na tangaran mai huji-huji da sarƙa a gindinsa, ƙyalle ake sa masa. Faifan ƙarfe biyu da ke haɗe ba tare da ƙyalle ba, na Nicro ne. Sunbeam Coffeemaster ta lantarki tana zuwa da ƙyallen da ake matsewa a jikin ƙarfe, wasu kuma da raga mai ƙananan idanu.

Ko wanne ne, aikin farko ɗaya ne: ka gwada tukunyar da ruwa zalla. Cika kwanon ƙasa zuwa kusan kashi biyu cikin uku, goge bayansa ya bushe ƙarau, jiƙa robar wuya, zaunar da mataci, haɗa, ɗora a wuta marar ƙarfi. Ruwa ya hau, ɗan kaɗan ya rage a ƙasa (dole ne ya rage, shi ke hana gilashin ƙonewa), ka sauke, ya dawo duka. In hakan ta faru lafiya, tukunya da roba ba su da matsala, duk abin da ya biyo baya tsakanin mataci ne da garinka.

Sandan gilashi

A nan zan fi daɗewa, domin shi ne ya fi daɗin sha'ani kuma shi ya fi saurin ba mutum haushi. Ka shafa kumburin nan na tsakiyarsa da yatsa, za ka ji kaushi ko 'yan ƙananan ƙuraje. Su ne ke hana shi liƙewa da bakin bututu, suna barin 'yan kafofi sirara da ruwa zai bi. Amma gaskiyar magana, ba sandan ne ke tacewa ba. Garin gahawar ne da kansa yake taruwa a kewayensa ya zama mataci, manyan ƙwayoyi su tokare a kafofin, ƙanana su kwanta a kansu. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin duk ƙa'idojin da ke tafe.

Na farko niƙa. Ana son gari matsakaici kuma bai-ɗaya, kamar yashin rafi da aka tankaɗe, ba laushi irin na fulawa ba, ba kuma ɓarzajje irin tsakin fate ba. Abokin gabar sandan nan shi ne ƙura, wato ɗan lallausan garin nan da ke manne a yatsa. Turmi yana fitar da ita da yawa, haka ma injin markaɗe mai wuƙa. Ranar da na fara gwada tawa, da gahawar da aka daka a turmi na yi. Ruwa ya hau lafiya, na sauke, ya fara saukowa, bai kai rabi ba ya tsaya cak. Minti biyar ina kallonsa, ko ɗigo babu. Ƙurar ce ta cuɗe ta zama laka ta toshe kafofin. Tun daga ranar, in ba da injin niƙa mai haƙora na niƙa ba, sai na bi garin da rariya mai laushi na kaɗe ƙurar tukuna. Abin da ya tsaya a saman rariya shi nake dafawa.

Awo kuwa, giram 60 zuwa 70 a kowace lita 1 ta ruwa, wato kusan babban cokali ɗaya mai tozo ga kowane ƙaramin kofi.

Ka fara da ruwan da ka riga ka tafasa a buta, ya fi sauri kuma gilashi ba ya daɗewa a wuta. Amma ka ɗauraye kwanon da ruwan ɗumi kafin ka juye masa tafasasshe, musamman da sanyin hunturu. Zaunar da sandan a tsaye cikin bututu, a hankali, kada ka sake shi ya faɗa da kansa. Mutanen da can sukan zuba gari tun kafin ruwa ya hau. Ni na fi son in jira ruwan ya gama hawa, saboda lokacin hawan sandan yana rawa, gari kuma yana samun hanyar zamewa ƙarƙashinsa. Idan ruwan ya hau, rage wuta har sai ƙarar sandan ta koma ɗan ƙas-ƙas mai taushi. In kana jin yana bugun gilashi kamar zai tashi, wutar ta yi yawa, kuma duk tsallen da ya yi gari ne ke wucewa ƙasa. Kumfar da kake gani a sama ba tafasa ba ce, tururi ne ke ratsowa. Ruwan yana tsayawa ƙasa da ma'aunin tafasa, kusan digiri 90 zuwa 95, kuma abin da gahawa take so ke nan.

Yanzu zuba gari. Ɗauki ƙaramin cokalin katako ka nutsar da shi daga sama-sama, kana zagaya gefen kwano, ba tare da ka taɓa sandan ba. Taɓawa ɗaya ta isa ta buɗe wa gari ƙofa. Bar shi minti 1 zuwa 2 a ƙaramar tukunya, babba kuma har zuwa 3. Sai ka kashe wuta ka ɗauke tukunyar zuwa kan katako ko busasshen tsumma da aka ninka. Kada ka ajiye ta a kan tayil ko siminti ko jiƙaƙƙen wuri. Cikin minti ɗaya ko ɗaya da rabi gahawar za ta sauko, ƙarshenta da wata 'yar gurnani da kumfa mai launin zinariya, garin kuma ya rage a sama kamar tudun tururuwa, kusan a bushe. Riƙe marikin kwanon ƙasa, karkata na sama gefe kaɗan don iska ta shiga, sannan ka zare shi. In ba ka da mazauninsa na asali, dogon kofi mai nauyi zai riƙe shi.

Idan ta tsaya a hanya fa? Kada ka ja sandan, kada ka zungure shi da cokali, kada kuma ka yi ƙoƙarin raba kwanonin da ƙarfi. A wannan lokacin kwanon ƙasa yana cikin zuƙa mai tsanani, kuma tsohon gilashi da ya sha gogayya yana iya rugujewa ciki. Maida tukunyar kan wuta marar ƙarfi. Ruwan da ya sauka zai sake hawa ya ɗaga lakar da ta toshe, sai ka sauke ka bar ta ta sake gwadawa. Gahawar za ta yi ɗaci fiye da yadda kake so, amma tukunyarka ta tsira. Gobe ka ƙara kaurin niƙa. Akwai masu naɗa jiƙaƙƙen tsumma mai sanyi a kwanon ƙasa don saukowa ta yi sauri. Sababbin tukwane suna jurewa, amma ban yarda a yi wa gilashin da ya haura shekara saba'in haka ba.

Wankinsa shi ne mafi sauƙi a duk matatan. Bari ya huce, zare shi kafin ka zubar da garin (da yawa a nan suke fashewa, an kife kwano a bola an manta sanda na ciki), wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, bi ƙurajen da tsohon buroshin haƙori, ɗauraye sosai. Soson ƙarfe haramun ne a kansa. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse mai barin farin ƙasa-ƙasa ne a buta, jiƙa sandan rabin awa a ruwan lemun tsami ko khal sau ɗaya a wata. Lox-In na Silex haka ake yi masa, sai dai a shanya sifirin ɗinsa ya bushe don kada ya yi tsatsa.

Ƙyalle

A cikin tsoffin matatan nan babu wanda ke fitar da gahawa garau kamar ƙyalle. Ka ɗaga kofi a haske ka ga ta yi ja kamar shayi, babu laka a gindi, kuma yana yafe wa niƙan da sandan gilashi ba zai yafe ba, har gari mai ɗan laushi yana ɗauka. Kuɗin wannan alheri shi ne ɗawainiya, kuma mafi yawan masu cewa tsohuwar tukunya tana ba gahawa wani irin ɗanɗano, ƙyallensu ne ya lalace ba su sani ba.

Sabon ƙyalle ba a fara aiki da shi sai an tafasa shi minti 5 a ruwa zalla, don sitacin masaƙa ya fita. Shimfiɗa shi, ɗora faifan a tsakiya da sarƙarsa tana kallon sama, ja zaren bakin har ƙyallen ya lulluɓe faifan ya ɗame babu tattara, ɗaure, yanke rarar zaren ko ka cusa shi ciki. Zaren da ya shiga tsakanin faifai da gilashi hanya ce ga gari. Sai ka sako sarƙar ta cikin bututu, ka jawo ta daga ƙasa, ka maƙala ƙugiyar a leɓen bututun. A nan a kula ƙwarai: ka raka ƙugiyar da yatsa har ta zauna. In ka sake ta sifirin ya fizge ta, za ta ɓantare bakin gilashin, kuma daga wannan ɓantarewar tsaga take farawa. Leƙa daga sama ka tabbatar faifan yana tsakiya. Idan ruwa ya hau ka ga manyan kumfa suna fitowa ta gefe ɗaya kawai, ya karkace; tura shi kaɗan da cokalin katako har kumfar ta koma ƙanana ta kowane gefe.

Da an gama dafuwa, kada ka ce sai an jima. Zubar da gari, cire matacin, ka wanke shi a ƙarƙashin ruwa yana da ɗuminsa, kana murza shi da yatsa ko buroshi mai laushi har ruwan ya fita fari. Ba sabulu, ba omo, ba bilic. Zaren auduga yana riƙe ƙamshin sabulu, kuma a kofinka zai sake shi gobe. Abin da ake yaƙi da shi shi ne man gahawa da ke maƙalewa a zaren. In ƙyallen ya bushe da man a jikinsa, iska ta buge shi, sai ya juya ya koma warin tsohon man gyaɗa da ya kwana biyu a kwalba. Shi ya sa masu shagunan gahawa a Japan ba sa barin ƙyallensu ya bushe: a cikin ruwa mai tsabta suke ajiye shi, a firji, suna sauya ruwan kullum. Wanda ke da wuta tsayayya ya yi hakan, kwalba mai murfi ta wadatar. In zai yi tafiya, ya matse shi sama-sama, ya sa a leda, ya jefa firiza.

Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa kuwa, wannan shawara sai an yi mata gyara, domin a zafin bazara ruwan da aka jiƙa ƙyalle a ciki yana iya yin tsami kafin yamma. Abin da ya yi mini aiki shi ne in tafasa ƙyallen minti 2 ko 3 bayan kowane wanki, in sa shi a ruwan sanyi cikin kwalba a gindin randa, in sauya ruwan safe da yamma. In na san zan kwana biyu ban dafa ba, sai in kwance shi daga faifan, in tafasa shi da kyau, in shanya a inuwa nesa da hayaƙin murhu da ƙurar hunturu, in kuma sake tafasawa ranar da zan yi amfani da shi. Kwancewar tana da wani amfanin: tsoffin faifai da yawa ƙarfe ne da aka yi wa rufi, in suka daɗe a ruwa tsatsa tana cin sarƙa da sifirin.

Sau ɗaya a mako, tafasa shi da ƙaramin cokali na bekin soda a rabin lita, za ka ga ruwan ya koma ruwan ƙasa. Sake tafasawa a ruwa zalla kafin ya koma aiki. Duk da haka ƙyalle yana da wa'adi. Mai dafawa kullum zai ga bayan wata 2 zuwa 3 ya yi duhu, ya yi tauri, saukowar gahawa ta fara jan ƙafa. Hanci ne alƙali: shinshina shi yana jiƙe, in ka ji wani abu da ba ƙamshin gahawa ba, yar da shi.

Ba lallai sai an yi odarsa daga waje ba. Yadin auduga zalla, fari, marar rini, mai saƙa a matse, yana yi; akoko mai kyau ma yana yi in an tafasa shi sau biyu. Don tabbatar da cewa babu roba a yadin, zare zare ɗaya ka kusanta shi da ashana: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da warin takarda, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Yanka da'ira da ta fi faifan da santimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe, ka ba tela ya kalmashe bakin ya bar hanyar zare kamar ta mazagin wando. Ka ce ya yi maka biyar ko shida a zama ɗaya, kuma zaren ɗaurin ma ya kasance na auduga.

Ƙarfe, tangaran da takarda

Waɗannan ba su da dogon bayani. Matacin Nicro a raba faifansa bayan kowace dafuwa, domin gari yana ɓuya a tsakaninsu. Sabulu ba ya yi masa komai, a dai ɗauraye a bushe. Ragar Sunbeam a ɗaga ta a haske, in idanunta sun toshe a jiƙa a ruwan zafi da bekin soda a bi da buroshi, kada a tsokane ta da allura. Ɗan laka a gindin kofi ɗabi'ar ƙarfe ce, ba lalacewa ba. Faifan tangaran a duba shi don tsaga, sauran kulawarsa ta ƙyallen da ke kansa ce. Akwai kuma sabon mariƙi mai ɗaukar takardar tata wanda ke shiga wasu tsoffin tukwane. Takarda tana kama man gahawa fiye da sauran, har da sinadarin kafestol mai ɗaga kolestarol a jini, don haka wanda likita ya ja wa kunne a kan kitse zai fi samun natsuwa da ita.

Sau da yawa ana ɗora wa mataci laifin da ba nasa ba. Idan ruwa ya ƙi hawa duka, ko gahawa ta sauko rabi ta tsaya alhali garinka ba shi da ƙura, saurari wuyan tukunyar. Ɗan shiii da kake ji iska ce ke shiga ta robar da ta tsufa ta ƙandare. Jiƙa ta a ruwan zafi yana tausasa ta na ɗan lokaci, amma maganin gaske shi ne sabuwa ta silikon, bayan ka auna faɗin wuyan kwanon ƙasa. Zafinmu da bushewar hunturu suna saurin tsattsaga tsohuwar roba, don haka kada a ajiye tukunya a haɗe a matse, kuma kada a bar ta inda rana ke dukanta. Mai Sunbeam ko wata ta lantarki daga Amurka ya tuna cewa an ƙera ta ne don wuta mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120, tamu kuwa a Najeriya da Nijar 220 zuwa 240 ce. Sai da transfoma mai rage wuta, babba, domin tukunyar tana jan wuta kamar dutsen guga, kuma gindinta ba ya shiga ruwa wajen wanki.

Sandan gilashi kuma kada ya kwana a cikin kwanon sama, inda hannu ɗaya zai girgiza shi ya fasa duka biyun, kada kuma ya shiga cikin cokula. Kafin ka ajiye shi, bi kumburin da farce a hankali. In ka ji ɓantarewa a daidai inda yake zama a bakin bututu, ya gama aiki, domin zai riƙa sakin gari kuma ɓarɓashin gilashi ba abin wasa ba ne a abin sha. Nawa ina naɗe shi a safa mai kauri in sa a ƙaramin akwatin kwali. Sandan Cory yana shiga bututun tukwane da yawa da ba na Cory ba, in dai an gwada da ruwa zalla an ga ya zauna daidai, don haka duk ranar da ka ci karo da wani a kayan gwanjo, ka shafa shi, in lafiyayye ne ka saya ka ajiye.